Hasken Ƙawalwalniya: Wani Fim Na Japan Da Masu Adana Shi

Akwai fim ɗin da ranar da ya fito gari ya kan ɗauka, a yi ta turereniya a bakin gidan sinima, bayan wata uku kuwa ko sunansa ba mai tunawa. Akwai kuma wanda ya kan fito shiru, 'yan tsiraru su gan shi, amma su riƙe shi shekara da shekaru, suna miƙa wa juna kamar yadda malamai ke miƙa wa juna tsohon kundi. A kan wani fim irin na biyun nan na ke so mu tattauna da masu karatu a wannan mako. Sunansa Maborosi, an yi shi a ƙasar Japan cikin 1995. Cikakken sunansa da harshensu shi ne Maboroshi no Hikari, watau wani haske da ido ke gani alhali kuwa babu shi. In da Bahaushe ne ya raɗa masa suna, ina jin hasken ƙawalwalniya zai ce.

Wanda ya shirya shi, Hirokazu Kore-eda, an haife shi a Tokyo cikin 1962. Yau sunansa ya zaga duniya, musamman tun da ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na birnin Kan a Faransa cikin 2018 da fim ɗinsa Shoplifters. Amma a 1995 saurayi ne ɗan shekara 33, wanda bai taɓa yin fim ɗin ƙagaggen labari na sinima ba. Aikinsa kafin nan shi ne shirya wa talabijin fina-finan abubuwan da suka faru da gaske. A cikinsu akwai wani da ya yi a 1991 game da wani babban jami'in hukumar kula da muhalli ta Japan, wanda aka ɗora wa alhakin shari'ar mutanen Minamata da gubar masana'anta ta nakasa, ya kuma kashe kansa a ƙarshen 1990. Kore-eda ya zauna da matar marigayin ya saurare ta. To, daga wannan zama ya san cewa labarin mamaci gajere ne, dogon labari yana wurin wanda aka bari. Saboda haka da aka kawo masa wani ɗan littafi da marubuci Teru Miyamoto ya wallafa a ƙarshen shekarun 1970, wanda ke magana a kan irin wannan mata, bai yi wata-wata ba ya karɓa.

Ga yadda labarin ya ke a taƙaice. Wata yarinya ce mai suna Yumiko, tana zaune da iyayenta a unguwar talakawa a Amagasaki, garin masana'antu da ke maƙwabtaka da Osaka. Wata rana kakarta, wadda tsufa ya fara taɓa wa hankali, ta kama hanya ta ce za ta koma tsibirin Shikoku inda aka haife ta, can ta ke so ta mutu. Yarinyar ta bi ta har kan gada tana roƙonta ta dawo, tsohuwa ta ƙi. Tun daga ranar ba a sake ganinta ba. Yumiko ta girma da wannan abu a zuciyarta, tana yawan mafarkinsa, tana ganin kamar laifinta ne da ba ta riƙe ta ba.

Ta auri Ikuo, wanda suka taso tare, ma'aikaci a wata ƙaramar masana'anta. Ba su da komai sai ɗaki ɗaya kusa da hanyar jirgin ƙasa, da keke, da jariri ɗan wata uku, amma suna zaune lafiya, suna wasa da dariya. Rannan Ikuo ya dawo da kekensa gida, ya ɗauki lema saboda hadari, ya fita. Da dare 'yan sanda suka buga ƙofa. Jirgi ya take wani mutum da ke tafiya a tsakiyar layin dogo, an yi ta busa masa bai waiwayo ba. Abin da aka miƙa wa Yumiko don ta shaida shi ne makullin keken mijinta. Bai bar wasiƙa ba, ba su yi faɗa ba, ba kuwa wata alamar damuwa da ta gani a fuskarsa.

Bayan 'yan shekaru wata maƙwabciya ta haɗa ta aure da Tamio, wanda shi ma matarsa ta rasu ta bar masa 'ya. Ta ɗauki ɗanta suka hau jirgin ƙasa zuwa wani ƙauyen masunta a yankin Noto, bakin tekun da ke yammacin Japan. A nan ne fim ɗin ya yi abin da ba kasafai a kan gani ba. Mai kallo yana jiran ya ga mugun miji, ko uban miji mai tsangwama, ko kishi tsakanin yara. Ko ɗaya babu. Tamio mutumin kirki ne, mahaifinsa dattijo ne marar hayaniya, yaran biyu kuwa suka shaƙu nan da nan, suna guje-guje a gefen gonakin shinkafa. Da bazara aka zauna a baranda ana shan kankana ana furzar da 'ya'yanta. Wanda ya ga Yumiko a lokacin zai ce ta warke sarai.

Sai bikin ƙanenta ya mai da ita Osaka. Ta biya ta wani ɗan shagon shan kofi da su kan je da marigayin, mai shagon kuwa, cikin hira kawai, ya gaya mata cewa a daren da abin ya faru Ikuo ya shigo ya sha kofi kamar kullum, yana cikin walwalarsa, har ya ce ba kuɗi a jikinsa, zai kawo daga baya. Wannan 'yar magana ita ta fama gyambon da a ke zaton ya rufe. Mutumin da ya ci bashin kofi da niyyar biya, me ya same shi tsakanin shagon nan da layin dogo? Ta koma Noto sanyi ya shigo, teku ta yi baƙi, ita ma ta yi shiru. Kusa da ƙarshe ta ga jerin masu kai gawa, ta bi su daga nesa har bakin teku inda a ke ƙona mamacin bisa al'adarsu. Can mijinta ya same ta, can kuma ta furta tambayar da ta yi shekaru tana ci mata rai: don me ya yi haka? Tamio bai ce ya sani ba. Ya dai ba ta labarin mahaifinsa, wanda ya yi zamanin kamun kifi, ya kan ce wani lokaci in mutum yana shi kaɗai a teku ya kan hango wani kyakkyawan haske can nesa yana kiransa. Ya ce yana jin irin wannan na iya samun kowa. Iyakar amsar da fim ɗin ya bayar ke nan.

Ya kamata in faɗi wani abu a nan don kada a fahimce ni a baibai. Kashe kai abu ne da addininmu ya haramta, hankali ma ya ƙi shi, fim ɗin nan kuwa bai ƙawata shi ba, ko nuna shi bai yi ba. Idonsa yana kan matar da aka bari da goyo da tambaya. Abin da ya nuna shi ne irin zaluncin da wannan aiki ke yi wa masu rai, waɗanda za su ƙare kwanakinsu suna tuhumar kansu a kan laifin da ba su yi ba.

Yadda aka ɗauki hoton ma abin dubawa ne. Mai ɗaukar hoton, Masao Nakabori, ya dogara ga hasken da ke wurin, na rana ko na taga ko na ƙwan lantarki guda da ke rataye a ɗaki. Saboda haka rabin fim ɗin cikin duhu-duhu ya ke. Na'urar ba ta cika motsi ba, ba ta kuma cika matsowa kusa da fuska ba. Sau da yawa daga nesa za ka hango Yumiko cikin baƙaƙen tufafi, tana zaune a gindin matakala ko a rumfar jiran bas, ba ka ganin idonta balle hawayenta. A fagen bakin tekun nan mutanen biyu ƙanana ne ƙwarai a cikin hoto, sama da ruwa sun cinye sauran. Mu da muka saba da fina-finan Indiya, inda a kan kawo fuskar mai kuka ta cika allo, goge yana tsuma zuciya, za mu ga wannan baƙon abu ne. Amma in mai karatu ya tuna, ai haka mu ke ganin baƙin cikin mutane a zahiri. Daga ƙofar ɗaki mu kan hango shi, mu yi sallama, mu tsaya nesa kaɗan saboda kunya da girmamawa. Aikin nan ya sa aka ba fim ɗin lambar yabo ta Osella saboda kyan hoto a bikin fina-finai na Benis a Italiya cikin 1995. Makiko Esumi kuwa, wadda ta fito a matsayin Yumiko, wannan ne fim ɗinta na farko, da can tallan tufafi ta ke yi.

Abin sha'awa, shi mai fim ɗin bai ɗauke shi gwanin ayyukansa ba. Ya sha ba da labarin cewa Hou Hsiao-hsien, babban mai shirya fim na Taiwan wanda ya ke ɗauka tamkar malaminsa, da ya kalli Maborosi ya yaba gwanintar, sa'an nan ya gane cewa an zana kowane fage a takarda tun kafin a fara ɗauka. Ya tambaye shi yaya zai san inda zai kafa na'ura alhali bai ga yadda 'yan wasan za su motsa ba. Maganar ta shige shi, ta kuma canja yadda ya yi fina-finansa na baya, waɗanda suka fi wannan sakin jiki da yawan magana. Watau dai Maborosi ba shi da ɗan'uwa ko a cikin ayyukan mai shi. Ni kuwa a ganina, wannan ƙullewa da malamin ya ga aibinta ita ce ta dace da labarin, gama mai makoki ma a ƙulle ya ke.

Dalilin da ya sa fim ɗin ya kama ni ba boyayye ba ne. Mahaifina ya rasu ina da shekara goma sha ɗaya. Da safe ya ce wa mahaifiyata zai je kasuwa ya dawo kafin azahar. Da la'asar aka zo mana da labarin motar haya ta kife da shi a kan wata hanya da ke nesa da kasuwar, hanyar wani gari da ba mu da dangi ko abokin ciniki a cikinsa. Aka yi jana'iza, aka yi zaman makoki, mahaifiyata ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma, ta fita. Ta yi haƙuri irin wanda a ke yabo, ban taɓa jin ta yi wa ƙaddara tsiwa ba. Amma agogon hannunsa, wanda gilashinsa ya tsage a haɗarin, yana ƙasan adakarta cikin ƙyalle har ta koma ga Mahaliccinta. Wani dare, fiye da shekara ashirin bayan rasuwar, muna zaune a tsakar gida ba ma maganarsa a ke ba, sai ta ce, "Ni dai har yau ban san abin da ya kai Malam wannan hanya ba." Na ce, "Inna, kwana ne ya ƙare." Ta ce, "Na sani, ɗan nan. Na sani." Ba ta ƙara ba.

Sa'ad da na ga Yumiko ta fito da ƙararrawar keken mijinta daga inda ta ɓoye tana jujjuyawa a hannu, agogon nan na tuna. Mu kan ce wa wanda aka yi wa rasuwa ya yi haƙuri, gaskiya kuwa mu ke faɗa, ba maganin da ya fi shi. Sai dai mu kan ɗauka cewa in mutum ya yi haƙuri tambaya ta mutu ke nan. Ashe su biyun su kan zauna a zuciya ɗaya shekara da shekaru, ba wanda ya kori wani. Ban taɓa ganin wani aikin fasaha da ya bayyana wannan kamar fim ɗin nan na mutanen da ba mu haɗa harshe ko addini da su ba.

To, yanzu sai mu zo ga masu tara fina-finai, gama su ne suka riƙe irin wannan aiki har ya kawo yau. Mai karatu na iya tambaya, a zamanin da kowa ke kallo ta intanet a wayarsa, me zai sa mutum mai hankali ya kashe kuɗinsa a kan faifai? Ga dalilan da na sani, ni da na ɗan taɓa wannan sha'awa.

Na farko, fim ɗin da aka gina a kan duhu ba ya jure mugun kwafi. Wanda na fara samu tsohon faifai ne da aka kwafa daga wani kwafin. Fagagen cikin ɗaki duk sun zama baƙi ƙirin, kana jin motsi ba ka ganin mai yinsa. Sai da na sami gyararren bugu na ga ashe a cikin duhun nan akwai hawa-hawa, akwai bango, akwai tukunyar shayi, akwai hannun mace a kan gwiwa. Fim mai harbe-harbe ko waƙe-waƙe ko ya dushe za ka bi labarinsa. Wannan kuwa in hasken ya lalace, ma'anar ce ta lalace. Shi ya sa masu tarawa suka yi murna da kamfanin Milestone na Amurka ya fito da shi a faifan Blu-ray cikin 2018, sa'an nan Cibiyar Fina-finai ta Birtaniya ta sa shi cikin wani akwati na fina-finan Kore-eda guda huɗu a 2019.

Na biyu, abin da ke intanet aro ne. Kamfanonin da ke nuna fina-finai ta wannan hanya izinin 'yan shekaru su kan saya, in ya ƙare kuwa, fim ɗin da ba shi da ɗimbin masu kallo shi a kan fara saukewa. Har wa yau abin da a ke nunawa a wata ƙasa ba lalle ne a same shi a wata ba. Faifan irin waɗannan fina-finai kuma ba a buga shi da yawa, in ya ƙare a kasuwa sai a hannun wanda ya riga ya saya. Na uku, akwai sha'awar mallakar aikin farko na mutumin da ya shahara daga baya, don a ga inda kogi ya faro. Bugun masu tarawa ya kan zo da ƙarin bayani na masana da ɗan littafi, waɗanda ke taimakon baƙo irina ya fahimci al'adun da ya ke gani.

Dalili na huɗu ya fi sauran nauyi, ba kuwa wanda ya hango shi a 1995. An ɗauki rabin fim ɗin na biyu a Wajima da ƙauyukanta na bakin teku. Jirgin ƙasa ya daina zuwa Wajima tun 2001, aka rufe wannan sashe na layin. Sa'an nan ranar 1 ga Janairu, 2024, girgizar ƙasa mai ƙarfin 7.6 a ma'aunin Japan ta auka wa yankin Noto. Ɗaruruwan mutane suka halaka. Gobara ta cinye unguwar tsohuwar kasuwar safe ta Wajima, gine-gine sama da 200 suka ƙone. A waɗansu wurare gaɓar teku ta ɗago sama har kusan mita 4, tashoshin jiragen masunta suka zama tudu. Cikin watan Agusta na shekarar aka sake nuna gyararren Maborosi a gidajen sinima na Japan don a tara wa mutanen Wajima gudummawa. Ka ga fim ɗin da aka yi a kan matar da ta yi rashi ya zama abin da mutanen gari guda za su duba su ga garinsu yadda ya ke kafin rashi ya same su. Faifan da ke kan kantar mai tarawa ya zama ɗan'uwan ƙararrawar keken nan da agogon nan.

Mu ma nan gida mun ɗanɗana abin da rashin adanawa ke jawowa. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya yi shekaru ana ɗauka ya ɓace. Sai a 2016 aka gano ainihin faifansa a ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin cikin 2018. Da ba a sami wanda ya ajiye gwangwanayen nan ba, da sai dai labari.

Duk da haka ba kowane mai tarawa na ke yaba wa ba. Akwai wanda zai sayi faifai ya bar shi cikin ledarsa bai ɓare ba, yana jiran ya yi tsada ya sayar, ko kuwa don a ce yana da abin da wani ba shi da shi. Wannan ɗan kasuwa ne ko mai alfahari, kowannensu kuwa da wurinsa, amma fim ɗin da ba a kallo daidai ya ke da rijiyar da aka rufe da marfi aka sa kwaɗo. Mai tarawa na gaske shi ne wanda in ya ji an yi wa abokinsa rashi, bayan kwanaki sun ja, hawaye sun tsaya, masu gaisuwa sun watse, zai iya ɗauko irin wannan ya ce, "Zo mu kalli wani abu tare." Ni na yi haka sau biyu. Na ɗaya ya yi barci tun ba a kai rabi ba, ban kuwa ga laifinsa ba, gama fim ne mai tafiyar hawainiya, kusan awa biyu, maganar da ke cikinsa kaɗan ce. Na biyun, wanda matarsa ta rasu wajen haihuwa, ya kalla har ƙarshe bai ce uffan ba. Bayan mako guda ya aiko a ba shi aro.

Wanda Allah Ya sa ya ci karo da shi, shawarata ita ce ya neme shi a kwafi mai kyau, ya kalle shi da dare, ya kashe fitila, ya ajiye waya a wani ɗaki. Kada ya jira a warware masa asiri a ƙarshe, ba za a warware ba. Abin da zai gani bayan fagen bakin teku shi ne sanyi ya wuce, Tamio yana koya wa yara hawan keke a waje, Yumiko ta sauko ta zauna kusa da surukinta suna maganar yadda gari ya fara ɗumi. Tambayarta tana nan inda ta ke, ita kuwa ta ci gaba da hidimar gidanta, kamar yadda iyayenmu da yawa suka yi ba tare da kowa ya ɗauki hotonsu ba. Allah Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba waɗanda aka bari haƙuri da dangana.